Hajiya Hafsatu, Uwargidan Sardaunan Sakkwato

Idan ana ba da tarihin shugabanninmu na farko, ba kasafai ake ambaton matan da suka riƙe masu gida ba. Ɗaya daga cikinsu ita ce Hajiya Hafsatu, uwargidan Sir Ahmadu Bello, Firimiyan Jihar Arewa.

Hafsatu 'yar gidan Gidadawa ce, wato zuriyar Waziri Gidado ɗan Laima, mijin Nana Asma'u. Mahaifinta shi ne Wazirin Sakkwato Abdulƙadir Macciɗo, ɗan Waziri Buhari wanda yake kan wazirci lokacin da Turawa suka ci Sakkwato a 1903. Waziri Junaidu kuwa baffanta ne. Saboda haka ta tashi a gidan ilimi da sarauta.

An ɗaura aurenta a 1932, lokacin Ahmadu Bello yana koyarwa a Makarantar Midil ta Sakkwato. Tana ɗakinsa aka naɗa shi hakimin Rabah a 1934. Tana nan ya nemi sarautar Sarkin Musulmi a 1938 bai samu ba, aka ba shi Sardauna, aka tura shi Gusau. Haka kuma tana tare da shi a 1943 da aka tuhume shi kan kuɗin jangali, har ya ɗaukaka ƙara aka wanke shi. Ya zama Firimiya a 1954, yana zaune a Kaduna.

A wancan zamani matar shugaba ba ta da ofis, ba ta hawa dandalin siyasa, domin tana cikin kulle. Aikinta shi ne tafiyar da cikin gida: ciyar da baƙi, renon 'ya'yan dangi da kiyaye zaman lafiya tsakanin abokan zama. A gida ana kiran Hafsatu Goggon Ƙurya.

Kafin asubahin ranar Asabar, 15 ga Janairu, 1966, cikin watan azumi, sojoji a ƙarƙashin Manjo Nzeogwu suka auka wa gidan Firimiya. Hafsatu ta ƙi rabuwa da mijinta, aka harbe su tare. Harabar gidan ce yanzu ake kira Gidan Arewa.

Dattawanmu na Bunkure da Kura sun san labarin rasuwar Sardauna, amma yaran makarantunmu kaɗan ne suka taɓa jin sunan matarsa. Ya kamata malamai su riƙa haɗawa da ita idan suna koyar da tarihin 1966. Allah ya jiƙan su, amin.