Ciwon Fargaba: Cutar da Awon Jini Ba Ya Nunawa

Ma'aikatan manyan asibitocin ƙasar nan sun saba da wani irin majiyyaci. Mutum ne kamili, sau da yawa ma'aikacin gwamnati mai iyali, ko kuwa ɗalibi wanda jarrabawa ta ƙarato masa. Yakan zo da takardun awo cike da aljihu. An auna jininsa an ce taifot ne ya sha magani, an sake aunawa an ce zazzaɓin cizon sauro ne an yi masa allura, wani mai kemis kuma ya ce gyambon ciki ne ya hana shi cin yaji. Duk da haka abin da ya fito da shi daga gida yana nan. Gabansa yana faɗuwa ba dalili, ƙirjinsa yana bugawa kamar ana daka, tsakiyar kansa tana zafi kamar an aza garwashi, wani lokaci ma ya ji kamar kiyashi na tafiya cikin fatarsa. Idan ya kwanta da dare barci ba ya zuwa, sai lissafi. Likita ya duba zuciya ya same ta lafiya, ya duba huhu ya same shi garau, sa'an nan ya ce masa ba shi da komai. Wannan magana kuwa ta fi ciwon ɗaci a wurinsa, domin shi ya san yana da wani abu.

Gaskiyarsa ce kuwa. Abin da ke damun da yawa daga cikin waɗannan bayin Allah shi ne ciwon fargaba, watau tsoro da zullumi waɗanda suka wuce misali har suka zama cuta.

Kowane ɗan Adam yana da tsoro, tsoron kuma yana da ranarsa. Akawun da aka gaya wa cewa masu binciken kuɗi suna tafe ranar Litinin, in bai ji komai a ransa ba, ba zai zauna ya daidaita littattafansa ba. Irin wannan damuwa takan zo da dalilinta, ta kuma tafi da tafiyarsa. Inda abin yake zama cuta shi ne sa'ad da dalilin ya wuce amma fargabar ta ƙi wucewa, ko ta riƙa tsalle daga wannan abu zuwa wancan: yau kuɗin haya, gobe lafiyar yaro, jibi wani kallo da shugaban ofis ya yi. Likitocin ƙwaƙwalwa suna da ma'auninsu. Idan mutum ya kai kimanin wata 6 cikin wannan hali a galibin kwanakinsa, ya kasa tsai da tunanin, ga rashin barci, ga saurin fushi, ga gajiya da ɗaurewar wuya da kafaɗu, har abin ya taɓa aikinsa da zamansa da iyali, to ya zama ciwo mai bukatar magani.

Yadda damuwar zuci take komawa ciwon jiki ba ɓoyayyen al'amari ba ne. Tun cikin 1915 wani masani na Jami'ar Harvard ta Amurka, Walter Cannon, ya bayyana yadda jiki kan shirya don faɗa ko don gudu idan an gamu da haɗari. Akwai wani ɗan sashe can cikin ƙwaƙwalwa wanda aikinsa gadi ne. Da ya hango abin tsoro sai ya aika da saƙo, wasu ƙananan halittu biyu da ke zaune bisa ƙoda su zuba sinadarin adirenalin cikin jini. Nan take zuciya ta ƙara gudu, numfashi ya yi sauri, jini ya rage zuwa hanji ya nufi damatsa da cinyoyi, baki ya bushe, gumi ya keto. Ga manomin da ya yi kiciɓis da kumurci a gona wannan shiri rahama ne. To, amma mai gadin nan ba ya bambance kumurci da takardar tuhuma da aka ajiye wa mutum bisa tebur. Maciji ana kashe shi ko a guje masa cikin minti biyar, jiki ya huce. Albashin da ba ya kai tsakiyar wata, musamman tun janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023, da jiran ƙarin girma, da bashin mai shago, waɗannan ba a kashe su da sanda. Saboda haka jiki ya zauna cikin shirin yaƙi dare da rana, alhali babu abokin gaba da za a daka.

Akwai kuma wani nau'i na ciwon wanda ya fi firgita mai shi. Mutum yana zaune lafiya lau, a ofis ko cikin motar haya, kwatsam sai tsoro ya rufe shi, numfashi ya sarƙe, jiri ya kwashe shi, yatsu da leɓɓa su yi ta tsatstsafa, ya sakankance cewa ajali ne ya zo. Abin yakan kai ƙarshen tsananinsa cikin kimanin minti 10, sa'an nan ya lafa. Mutuwar yatsun nan daga yawan haki take, domin saurin numfashi yana rage iskar kabon da ke cikin jini fiye da kima. Shi kansa firgicin ba ya kisa. Ɓarnarsa tana zuwa ne daga baya, sa'ad da mutum ya fara gudun wurin da abin ya same shi. Ya daina shiga kasuwa, ya daina tsayawa tsakiyar sahu ranar Juma'a, ya riƙa kawo uzuri duk ranar taron ofis. Kowane gudu yana ba shi sauƙi na ɗan lokaci, yana kuma ƙara tabbatar wa ƙwaƙwalwa cewa lalle wurin nan akwai haɗari, har duniya ta yi masa ƙunci.

Zafin kan ɗalibai

Ɗaliban Nijeriya suna da matsayi na musamman cikin tarihin binciken wannan cuta. Cikin 1960 wani likita ɗan Kanada mai suna Raymond Prince, wanda ya yi aiki a asibitin Aro da ke Abeokuta, ya buga bayani game da wani ciwo da ya yi ta gani a wurin 'yan makaranta. Suna kukan zafi da tafiyar wani abu a ka, da dishi-dishin gani in sun buɗe littafi, da karanta shafi sau uku ba tare da riƙe komai ba. Ya kira abin da sunan da ɗaliban kansu suke kiransa da Turanci, wanda ma'anarsa ita ce gajiyar ƙwaƙwalwa. Cikin 1980 wani likita ɗan ƙasa, Morakinyo, ya danganta ciwon da hana ido barci da shan abubuwan da ke wartsakarwa lokacin jarrabawa. Yawancin likitoci a yau suna ɗaukarsa a kan fargaba ce, ko tsananin baƙin ciki, ta sami hanyar fita ta jiki.

Wanda ya taɓa leƙa ɗakin karatu na jami'a da ƙarfe uku na dare zai gane abin da ake nufi. Ga goro, ga Nescafé, ga lemon gwangwani mai ƙara kuzari, dukkansu kuwa ɗauke suke da sinadarin kafin, wanda in ya yi yawa yana sa bugun zuciya da rawar hannu, watau ainihin alamun da ɗalibin yake tsoro. A bayan wannan kuma akwai nauyin da ba a gani. Sau da yawa yaron nan shi ne na farko a gidansu da ya kai wannan mataki, an sayar da dabba ko amfanin gona an biya masa kuɗin rajista, ƙanne suna jiransa. Idan aka yi dogon yajin aiki, kamar na malaman jami'o'i wanda ya ɗauki wata 8 cikin 2022, sai a dawo a cusa karatun zango guda cikin 'yan makonni. Ba kasawar basira ce ke tsai da kan irin wannan yaro ba.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cikin 2019 mutum miliyan 301 ne ke fama da ciwon fargaba a duniya, abin da ya sa ya zama mafi yawa cikin cututtukan da suka shafi tunani. Ya fi kama mata bisa maza, kuma kimanin mutum ɗaya ne kawai cikin huɗu yake samun magani. A gida, binciken da Farfesa Oye Gureje na Jami'ar Ibadan ya jagoranta, wanda aka buga cikin 2006, ya tattauna da mutum 4,984 a ƙasar Yarbawa. An sami kashi 12 cikin ɗari sun taɓa fama da wata cutar tunani a rayuwarsu, fargaba ce kuma kan gaba. Daga cikin waɗanda ciwonsu ya yi tsanani, kimanin kashi 8 cikin ɗari ne kawai suka sami wata kulawa a shekarar da ta gabaci binciken. Arewa kuwa tana da ƙarin kaya bisa wannan: tashin hankalin Barno tun 2009, da satar mutane a Zamfara da Katsina da Kaduna, sun bar mutane masu yawa suna zabura in ƙofa ta buga.

Tsoron suna

Babban abin da ke hana mutane neman magani shi ne kalma guda: hauka. A tunanin jama'a asibitin ƙwaƙwalwa wurin masu tuɓe riga ne a kasuwa, don haka ma'aikaci ya gwammace ya ce hawan jini gare shi, budurwa kuma iyayenta su ce iska ce, kada a ji a fasa aure. Tsohuwar doka ma ta taimaka wa wannan fahimta. Dokar mahaukata ta 1916, wadda aka sabunta cikin 1958, ta fi mai da hankali ga tsare majiyyaci bisa ga warkar da shi, kuma ita ƙasar nan ta riƙe har farkon 2023, sa'ad da aka sanar da cewa Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu kan sabuwar Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa, wadda ta hana nuna bambanci ga masu irin wannan lalura wajen aiki da sauran harkoki. Alhali mai ciwon fargaba hankalinsa ɗaya ne, ya san kansa, ya san mutane, sau da yawa ma ya san tsoron nasa ya wuce kima. Hana shi ne ya gagare shi.

Kafin a isa asibiti galibi an riga an je wurin malam, an yi tofi, an sha rubutu. Likita mai hikima ba ya raina wannan. Marigayi Farfesa Thomas Adeoye Lambo, wanda daga baya ya zama mataimakin babban daraktan Hukumar Lafiya ta Duniya, ya fara wani tsari a Aro cikin 1954 inda majiyyata suke sauka a gidajen ƙauyawa tare da wani ɗan'uwansu, suna zuwa asibiti da rana, har ma ya yi aiki tare da masu maganin gargajiya. Addu'a da zikiri suna kwantar da zuciyar mai imani, babu musu. Ɓarnar tana wurin wanda zai gaya wa mai fargaba cewa abokin aikinsa ne ya yi masa sammu, ko kishiya ce ta yi jifa. Ya zo da tsoro guda, ya koma gida da biyu, ga kuma zumunci ya lalace.

Wata hanyar da ta fi wannan haɗari ita ce ta kemis. Ƙwayoyin sa barci irin su Valium da Lexotan suna kashe fargaba cikin ɗan lokaci, shi ya sa suke da farin jini. Amma in an ɗauki makonni ana sha jiki yakan saba, ya nemi ƙari, ranar da aka daina kuma fargabar ta dawo fiye da da, wani lokaci har da farfaɗiya. Garin neman gira ke nan a rasa ido. Binciken shan miyagun ƙwayoyi na ƙasa na 2018 ya nuna mutum miliyan 14.3 sun sha wata ƙwaya cikin shekara guda, a shekarar ce kuma gwamnati ta hana yin maganin tari mai kodin da shigo da shi. Ba duka masu shan ne 'yan iskan gari ba. Cikinsu akwai matan aure da ma'aikata waɗanda barci kawai suka fita nema.

Magani na ƙwarai yana farawa da awo, domin ciwon maƙoƙo mai sa zuciya gudu, da ƙarancin jini, da faɗuwar sukari, da ciwon zuciya na haƙiƙa duk suna iya kama da fargaba. Wanda ya ji ciwon ƙirji karo na farko, musamman in ya manyanta, asibiti zai nufa ba tare da jinkiri ba. In an tabbatar fargaba ce, maganin da ya fi inganci shi ne na zama da masani, irin wanda likita Aaron Beck na Amurka ya tsara cikin shekarun 1960. Ana koya wa majiyyaci ya kama tunanin da ke tsorata shi ya auna shi da hujja, sa'an nan ya koma wuraren da yake gudu sannu a hankali, yau bakin kasuwa, gobe cikinta, har jiki ya gane babu abin da zai faru. Akwai kuma magunguna irin su fluoxetine da sertraline, waɗanda ba sa sa maye, sai dai sukan ɗauki mako 2 zuwa 6 kafin a ga amfaninsu, ba a kuma yanke su farat ɗaya sai da shawarar likita. Mutane da yawa suna jefar da su bayan kwana biyar suna cewa ba sa aiki.

Abin da mutum zai yi wa kansa ba shi da tsada. Ya rage goro da kofi, musamman bayan la'asar. Ya tsai da lokacin kwanciya, ya ajiye waya nesa da matashi. Ya yi tafiyar ƙafa ta rabin sa'a a yawancin kwanaki. In firgici ya taso ya zauna, ya ja numfashi a hankali ta hanci, ya sake shi a hankali fiye da yadda ya ja, ya bar guguwar ta wuce. Iyali kuma su daina cewa ya cire abin a ransa, domin da yana ciruwa da tuni ya cire. Wanda damuwa ta kai shi ga tunanin halaka kansa kuwa ba a barinsa shi kaɗai, a kai shi asibiti a ranar.

Likitocin ƙwaƙwalwa a Nijeriya ba su kai 300 ba, ga jama'a fiye da miliyan 200, wasunsu ma suna ta ficewa ƙasashen waje. Tun 1991 gwamnati ta sanya lafiyar ƙwaƙwalwa cikin ayyukan ƙananan asibitoci, amma aiwatarwa ta yi rauni ƙwarai. Duk da haka akwai inda za a je. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na Barnawa a Kaduna, da Kware a Sakkwato, da Maiduguri, da Dawanau a Kano, akwai kuma sashen wannan fanni a asibitocin koyarwa na Malam Aminu Kano da na Jami'ar Ahmadu Bello. Yawancin masu fargaba ba a kwantar da su, ana ganinsu ne su koma gida a ranar. Ɗalibi yana iya farawa daga asibitin makarantarsa, ma'aikaci daga babban asibitin garinsa, ya nemi takardar turawa. Idan ya shiga wurin likita, bayan ya faɗi zafin kai da bugun ƙirji, ya kamata ya faɗi tun yaushe barcinsa ya lalace, da abin da yake sha don ya samu, da tunanin da ke tashe shi da ƙarfe biyun dare.