Ƙashi Yana Ɗoruwa, Guringuntsi Fa?

A Tasawa ko Mayahi, idan ɗan kokawa ya karye, ko ɗan kabu-kabu ya faɗi a hanyar Maradi, kowa ya san abin yi. A kai shi wajen maɗori ko likita, bayan ƴan makonni ƙashi ya kama. Raunin da ke gagara shi ne na guringuntsi, farin abin nan mai santsi da ya lulluɓe kawunan ƙasusuwan gwiwa. Jijiyoyin jini ba sa ratsa shi, don haka in ya ɓantare ba ya cikowa. Tun 1743 William Hunter, wani likita a Landan, ya rubuta haka.

A 1994 Mats Brittberg da Lars Peterson na ƙasar Suwidin suka wallafa sakamakon aikin da suka yi wa majinyata 23. Sun yanko ɗan guringuntsi mai lafiya daga gwiwar kowane majinyaci, suka rene ƙwayoyin halittarsa har suka yawaita, sannan suka zuba su cikin ramin da raunin ya bari. Sai dai abu mai ruwa-ruwa ba ya zama inda aka sa shi. Shi ya sa aka ƙirƙiro wata siririyar raga mai ƙananan ƙofofi, wadda ƙwayoyin ke kamawa su bazu, kamar yadda duma ke bin danga. A hankali ragar ta narke, sabon guringuntsi ya maye gurbinta.

A Disambar 2016 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da irin wannan raga mai suna MACI. Daga jikin alade ake samo ta, kuma haƙƙin majinyaci Musulmi ne a gaya masa kafin a taɓa shi. Akwai wasu da ba na alade ba, har da ta murjanin teku da aka amince da ita a 2022.

MACI ba maganin tsohuwar da daka da ɗaukar ruwa suka cinye wa gwiwa gaba ɗaya ba ce. Ramin da bai yaɗu ba take cikewa. Tiyata biyu ake yi, ga tsada, ga watanni na atisayen ƙafa.

Abin da ya fi damuna ya fi kusa da gida. Hoton ƙashi da aka saba ɗauka ba ya nuna guringuntsi, sai a ce targaɗe ne, a shafa man zafi, a koma gona, ramin kuwa yana ta faɗi. Matashin da gwiwarsa ke kumbura ko take maƙalewa makonni bayan faɗuwa ya cancanci takardar zuwa ganin likitan ƙashi a Maradi, tun kafin damina ta sake tura shi noma.