Ƙugin lasifika a Birnin Ƙonni: laifin wuta ne ko na mai haɗi?

Duk wanda ya taɓa sauraren kiran asalatu daga ƙaramin masallacin unguwa, ko ya zauna a wurin ɗaurin aure, ko ya ratsa rumfunan masu sayar da kayan sauti a kasuwar Ƙonni, ya san wannan ƙugi da ke kwance ƙarƙashin muryar mai magana, ba ya hawa ba ya sauka, sai ka ce ƙudan zuma a cikin tulu. In ka tambaya, amsa guda ce: wutar NIGELEC ce ba ta da kyau.

Zargin yana da tushe. Tun da aka kafa NIGELEC a 1968 ƙasarmu ba ta taɓa ƙoshi da wuta ba. Shekara da shekaru wannan yanki yana dogara ga layin da ya taso daga Katsina, ya shigo ta Gazawa, ya biyo Maraɗi har Malbaza, kuma wutar da ta yi irin wannan tafiya ba kullum take isowa gida da cikakken bolt 220 ba. Tashar hasken rana ta Malbaza mai megawat 7, wadda aka buɗe a 2018, ta rage wani abu. To amma da Najeriya ta yanke wuta a watan Agusta na 2023, bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, har zuwa watan Maris na 2024, mutane da yawa sun koma ga janareto da batir da faifan hasken rana, alhali kowanne da nasa halin. Faifan da aka rubuta wa bolt 12 yakan ba da 18 ko fiye in rana ta take. Shi ya sa aikin masu gyaran rediyo ya ƙaru: ban da gyara, suna haɗa wa mutane amfili da kuma regilater, wato ɗan abin da ke daidaita ƙarfin wuta kafin ta shiga amfili.

Abin da ba a cika faɗa wa mai saye ba shi ne, galibin wannan ƙugi a cikin akwatin ake haifar da shi, a kan allon da aka jera kayan.

Kayan ba su da yawa: turansfo mai rage ƙarfin wuta, diyod huɗu masu mayar da ita hanya guda, babban kondansater mai tara ta, sai regilater kansa mai ƙafa uku, ko dai 7812 mai ba da bolt 12, ko LM317 da Robert Dobkin ya ƙera wa kamfanin National Semiconductor na Amurka a 1976, wanda har yau ake sayarwa. Masu haɗi biyu za su sayo kaya iri ɗaya daga Sakkwato ko Kano, su bi zane ɗaya, na wannan ya yi tsit, na wancan ya yi ta gurnani. Bambancin yana ga hanyar da kowannensu ya ba wuta ta koma.

Mas ba rijiya ba ce

Wuta ba ta shiga abu ta ɓace, dole ta koma inda ta fito. Hanyar komawar ita masu gyara ke kira mas. A kan takarda, mas alama ce kawai da ake zanawa ko'ina, sai almajiri ya ɗauka rijiya ce da ke haɗiye duk abin da aka zuba mata. A kan allo kuwa siririn layi ne na jan ƙarfe, kuma yana da nasa taurin kai. Jan ƙarfen da ke kan allo na yau da kullum kaurinsa mikron 35 ne. Layi mai faɗin milimeta 1 da tsawon santimeta 10 yana da tirjiyar da ta kai kusan kashi ɗaya cikin ashirin na om. Ƙaramin abu ne a ido.

To ga inda gizo ke saƙa. Wutar gari tana juyawa sau 50 a sakan, diyod huɗun nan kuwa suna mayar da ita bugu 100 a sakan. Babban kondansater ba ya shan wuta a hankali. A ƙolin kowane bugu yake kwankwaɗa, cikin ɗan lokaci ƙanƙane, don haka regilater mai ba da amfer 1 kan jawo bugun amfer 3 ko fiye. Amfer 3 a kan wancan siririn layi ya zama milibolt 150. Makirfon da liman ke riƙe da shi kuwa ƴan milibolt kaɗan yake fitarwa. Idan mai haɗi ya lanƙwasa mas ɗin makirfon a kan wannan layi don ya fi kusa da hannunsa, amfili ba ya da hankalin rarrabewa: zai ƙara muryar, ya ƙara bugun tare da ita. Manoman gandun Ƙonni masu ban ruwa daga madatsun Mozage da Zango za su gane maganar nan da nan, domin ba wanda ke barin magudanar ruwan datti ta bi ta cikin hanyar da ke shayar da albasa.

Maganin ba ya cin kuɗi, tunani yake ci. Turansfo da diyod da babban kondansater a matse su wuri guda, da layuka gajeru masu faɗi, bugun ya yi ta zagayensa a nan shi kaɗai. Daga ƙafar kondansater a fitar da ɗan gajeren layi zuwa mahaɗa guda, a can ne mas ɗin regilater da na amfili da na lasifika da na makirfon za su iso, kowanne ta tasa hanya, kamar hanyoyin ƙauyuka da ke haɗuwa a kasuwa. Ana kiran wannan tsari tauraro. Shi ma akwatin ƙarfe a wuri ɗaya tak ake haɗa shi da mas. In an haɗa a wuri biyu, wuta ta sami zobe, ƙugi ya dawo.

LM317 yana da nasa sharuɗɗa, waɗanda takardar kamfanin ta bayyana, ko da yake ƴan kaɗan ne ke karanta ta. Yana aiki ne ta hanyar riƙe bolt 1,25 a kan wata rezistans, galibi mai om 240, saboda haka dole a like ta da dalma daf da ƙafarsa, ba can ƙarshen allo ba. Ɗan ƙaramin kondansater na mikrofarad 0,1 shi ma a bakin ƙafar shiga yake zama. Akwai kuma tarkon da ya ci almajirai da dama: kunnen ƙarfe na 7812 mas ne, ana iya ɗaure shi kai tsaye ga akwati, amma kunnen LM317 yana ɗauke da wutar fita. Wanda ya ɗaure shi ba tare da ƴar takardar mika a tsakani ba, ya haɗa wuta da mas da hannunsa.

Sai zafi, wanda mai zane a Turai ba ya yi wa lissafin da mu ya kamata mu yi. Regilater da ke karɓar bolt 18 ya ba da 12 a kan amfer 1 yana mayar da wat 6 zafi. A watan Afrilu da Mayu, da ma'aunin zafi ke wuce 40 a inuwa, akwati a rufe ƙarƙashin rufin kwano tanda ce. Kondansater mai ruwa a ciki kuwa kowane ƙarin digiri 10 yana raba kwanansa biyu. Don haka a nisanta shi da ƙarfen sanyaya, a zaɓi mai alamar 105 maimakon 85, a huda wa akwati tagogi, a riƙa kaɗe ƙurar hunturu. Amfilin da ya fara lafiya, bayan bazara biyu ya soma ƙugi, yawanci kondansater ne ya bushe.

Ter maganar rai ce

Mas daban, ter daban, ko da yake bakin mutane na gauraya su. Ter ita ce wayar nan mai kore da rawaya da ke haɗa akwatin ƙarfe da sandar da aka kafa cikin ƙasa. Ba ruwanta da daɗin sauti. Aikinta shi ne, ranar da wayar bolt 220 ta saɓule ta taɓa akwati, wutar ta bi ta cikinta, disjonkter ya yanke. Matsalar ita ce, in aka haɗa na'ura biyu masu ter da wayar sauti, wani lokaci zobe kan samu, ƙugi ya taso, sai mai gyara mai gaggawa ya cire ƙafa ta uku ta fulogi. Ƙugi ya tafi, mai kaya ya yi godiya ya biya. A ganina wannan ba gyara ba ne, ganganci ne, domin jikin makirfon ƙarfe ne, yana haɗe da mas, mai riƙe da shi kuwa sau da yawa yanzu ya gama alwala, ƙafarsa ba takalmi, yana tsaye a kan siminti. Ana karya zoben ne ta wajen wayar sauti, da ɗan turansfo na rabewa, ko a jona na'urorin duka a soket ɗaya.

Ƙasarmu ma ba ta taimakawa. Busasshen yashi da tsakuwa irin na Adar ba sa karɓar wuta da kyau, gidaje da yawa kuma ba su da ter ko kaɗan. Sanda tana son ta kai ga damshi, kuma ko ta kai, kamata ya yi a ƙara da disjonkter mai jin yoyon wuta na miliamfer 30. Ma'aikacin da ke kula da sayen kayan sauti na makaranta ko ɗakin taro, da attajirin da ke son yi wa masallaci sadaka, su sa wannan cikin lissafi tun farko.

Mai saye yana iya gwaji tun a rumfa, kafin ya miƙa jikkunansa. A kunna amfili, a cire makirfon, a mayar da ƙarfin murya sifiri, a kara kunne ga lasifika. In ƙugi na nan bai canja ba, daga regilater ko tsarin mas yake. In sai an ƙara murya yake tasowa, ta ƙofar makirfon yake shiga, ko wayarta ta bi kusa da turansfo. In amfilin mai bolt 12 ne, a gwada shi da batirin mota: ya yi shiru a kan batir, ya yi ƙugi a kan regilater, to an san inda ciwon yake. Daga nan a roƙi mai haɗi ya zare fulogi, ya jira kondansater ya sauke wutar da ya tara, ya buɗe murfi, ya nuna da yatsa mahaɗar da mas suka taru da kuma kusoshin da aka ɗaure wayar kore da rawaya.