Ruwa, Ɗauri da Sanyi: Motsa Jikin da Ba Ya Cin Gwiwa

Mutumin da ya yi targaɗe ko karaya, da zarar an kwance masa ɗori, abin da 'yan uwa ke ce masa shi ne ya kwanta ya huta. Kwanciyar nan tana da nata lahani. Tsokar da ba ta aiki tana fara ramewa cikin mako biyu, gaɓa kuma ta sage. Gudu ma ba nasa ba ne, domin kowane taku yana ɗora wa ƙafa nauyin jiki ninki biyu zuwa uku. Abin da yake bukata shi ne motsin da zai tashi tsoka, ya ƙyale gwiwa da idon sawu.

Masuntan Argungu sun daɗe cikin irin wannan motsi. A bikin kamun kifin da aka fara a 1934, wanda UNESCO ta sa cikin gadon al'adun duniya a 2016, dubi masunci a kogin Matan Fada: ƙirjinsa bisa gora, hannunsa riƙe da homa, ƙafafunsa na ta harbin ruwa. Aiki yake yi tuƙuru, amma babu gaɓar da ke dukan ƙasa. Ruwan da ya kai ƙugu yana ɗauke kusan rabin nauyin mutum, in ya kai wuya sai kusan kashi 10 cikin 100 ya rage wa ƙafafu. Yana kuma matse jiki ta ko'ina, matsin ya fi ƙarfi a ƙasa, sai ya kora jinin da ya taru a sawu zuwa zuciya, kumburi ya saɓe. Ga sanyi: ruwa yana zuƙe zafin jiki fiye da iska nesa ba kusa ba. A garin da zafi ke wuce digiri 40 a watan Afrilu, wannan babbar rahama ce.

A ƙasashen waje an bi ta wata hanya. A Japan, Yoshiaki Sato ya fara nazarin dabarar Kaatsu a 1966: a ɗaura madauri a saman cinya ko damtse, a rage komawar jini kaɗan, sai ɗaga nauyin da bai wuce kashi 20 zuwa 30 cikin 100 na ƙarfin mutum ba ya gina masa tsoka. Daga baya a Amurka aka ƙera na'urar da mutum ke tuƙawa a zaune, ruwan sanyi na zagayawa cikin madaurin. Tana da tsada, kuma a ganina mai jinya a unguwar Nasarawa ta Birnin Kebbi bai yi babbar asara ba don bai same ta ba. Keke, tafiya a shimfiɗaɗɗen wuri bayan asuba, bandeji mai talewa da ƙanƙarar leda za su yi masa yawancin aikin.

Sai dai a kula. Mu mun saba da gashi da ruwan zafi, alhali a kwana biyun farko bayan jin rauni zafi ƙara kumburi yake yi. A naɗe ƙanƙara cikin tsumma, a ɗora minti 15 zuwa 20, a cire. Gabe Mirkin, likitan da ya yayata wannan tsari a 1978, ya dawo a 2014 ya ce yawan ƙanƙara na iya jinkirta warkewa. Bandejin da ya sa yatsu suka yi sanyi ko suka mutu ya yi tsauri, a sassauta shi nan take.

Mai sikila kada ya kusanci ƙanƙara ko matse jini, domin duka biyun suna tayar masa da ciwo. Mai hawan jini da wanda jini ya taɓa daskare masa a jijiya su fara ganin likitan gashin ƙashi, kamar a Asibitin Sir Yahaya na Birnin Kebbi. Gulbi kuma yana da tsargiya, wadda ƙwayarta ke fitowa daga katantanwa ta huda fata, don haka wanda ya ga jini a fitsarinsa bayan shiga ruwa ya je a gwada shi.