Tsara Darussan Jami'a Tare da Manoman Adar

Babankatami ƙaramar hukuma ce ta karkara a gundumar Buza, cikin jihar Tawa. Tana cikin yankin da ake kira Adar-Dutsi-Majiya, wanda ya haɗa da Keita da Madawa. Manufar wannan maƙala ita ce a bayyana dalilin da ya sa darasin jami'a da ya shafi irin wannan yanki bai kamata a tsara shi a ofis kaɗai ba, da kuma hanyar da za a bi a tsara shi tare da mutanen wurin.

Haɗa karatu da sana'a ba baƙon abu ba ne a Nijar. Tun 1963 hukumar yaƙi da jahilci ta fara aiki, a 1973 kuma aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a Damagaram. Sai dai jami'a ta daɗe nesa da ƙauye. Ta Yamai ta tsaya da ƙafafunta a 1973, Tawa kuwa ba ta samu tata ba sai a 2010. Ita ce ake kira da sunan Djibo Hamani, masanin da ya wallafa littafi kan tarihin Adar a 1975.

A tsawon wannan lokaci manoma sun tara ilimi mai yawa. Daga 1975 aka fara dasa layukan dogon yaro a kwarin Majiya don kare gonaki daga iska. A 1984 aka soma aikin raya karkara na Keita da taimakon Italiya, inda aka jera duwatsu, aka haƙa ramuka don tare ruwa, mata kuwa su ne suka ɗauki mafi yawan nauyin aikin, saboda maza da dama suna wurin cin rani. Kalmomin wannan aiki, da na noman albasa a kwarin Tarka, suna bakin waɗanda suka yi shi. Ɗalibin da ya karanta zaizayar ƙasa da Faransanci ba zai same su a ƙamus cikakku ba.

Saboda haka tsarin haɗin gwiwa yana bukatar sharuɗɗa huɗu. Na farko, matsalar da darasin zai duba ta fito daga taron gari, da hakimai da ƙungiyoyin mata da malaman karatun manya, kafin a rubuta manhaja. Na biyu, a daidaita lokacin fita da shekarar manomi, domin da damina babu mai zama, da rani kuma samari sun yi tafiya. Na uku, a yanke shawara kan karin harshe. Ba'adare yana cewa “tahi” da “shina”, inda daidaitacciyar Hausa ke da “tafi” da “yana”. Bernard Caron ya bayyana wannan kari a littafinsa na 1991. Ya kamata a naɗi magana yadda aka faɗe ta, sa'an nan a zauna da masu ita a zaɓi yadda za ta shiga littafin koyo. Na huɗu, abin da ɗalibai suka tattara ya koma ƙauye a rubuce, mutanen gari kuma su sa baki wajen auna aikin.

Wahalar ba ƙarama ba ce. Malamin jami'a yana da albashi da mota, manomi kuwa yininsa yake bayarwa. In ba a biya wannan lokaci ba, ko ba a ambaci mai ilimin a cikin rubutu ba, haɗin ya zama na doki da mahayi.

Dokar da aka kafa a watan Maris na 2025 ta ɗora Hausa a matsayin harshen ƙasa. Wannan matsayi yana bukatar kalmomin kimiyya da manomi zai gane, kuma ya yarda da su. Wurin samunsu shi ne gonakin Buza da Keita da Madawa.