A Tausaya wa Likitanmu na Karkara

Edita,

Ka ba ni ɗan fili a jaridarmu mai farin jini in yi tsokaci kan likitan da ke duba mu a asibitin ƙaramar hukumarmu.

Ni ɗan tireda ne. Ranar kasuwar da ta wuce na kai mahaifiyata, hawan jini ya tasar mata. Muka tarar da layi har bakin ƙofa, likita ɗaya tal. Shi ke duba jariri, shi ke duba mai ciki, shi ke duba tsoho mai ciwon sukari. Da na fara ƙorafin jira, sai malamar asibiti ta ce mini ai tun daren jiya bai runtsa ba. Wallahi kunya ta kama ni.

Jama'a, kafin mutum ya zama likita a Nijeriya sai ya yi shekara 6 a jami'a, 1 ta sanin makamar aiki, 1 ta bautar ƙasa. Mai son zama likitan iyali kuwa sai ya ƙara wasu shekarun na horo da jarrabawa, kamar yadda ake yi a Asibitin Koyarwa na Aminu Kano. In gajiya ta kori irin wannan mutum zuwa Ingila ko Saudiyya, mu talakawa ne da asara.

Ina kira ga gwamnati ta ƙaro likitoci, ta biya su a kan kari, ta gyara musu gidaje. Mu kuma mu daina jira sai ciwo ya ci ƙarfin mutum sannan mu kwaso shi tsakar dare.

Allah Ya sa a gyara, amin.

Wani ɗan tireda, Jihar Kano.