Ƙotar Itace ko ta Faiba: Wane Gatari Ya Fi Dacewa da Faskare a Karaye da Rogo?

Tun da kuɗin gas ɗin girki ya haura naira dubu ɗaya a kan kowane kilo a shekarar 2024, gidaje da dama da suka fara mantawa da murhu sun sake komawa gare shi. A ƙauyukan Karaye da Rogo kuwa dama ba a taɓa rabuwa da shi ba. Tuwon dare, ƙosan safe, gashin tsire, shinkafar biki, duk da itace ake yin su, itace kuma ba ya shiga murhu sai an faskara shi. Ga shi a 2025 gwamnatin Kano ta sanar da hana amfani da injin yanka itace ba tare da izini ba. Saboda haka yau za mu ajiye waya da kwamfuta a gefe, mu duba kayan aikin da ya girme su nesa ba kusa ba, wato gatari.

Duk wanda ya leƙa shagunan kayan aiki a Sabon Gari ko Ƙofar Ruwa cikin 'yan shekarun nan ya ga gatura masu ƙota mai launi mai ɗaukar ido, na kamfanoni irin su Ingco da Total da Tolsen. Masu shago suna ce mata ƙotar roba ko ƙotar faiba, kuma za su gaya maka ba ta karyewa, gara ba ta cin ta. Rabin maganar gaskiya ne. Amma ga mutumin Tudun Kaya ko Fulatan ko Zarewa akwai tambayar da ta fi wannan nauyi: ranar da ta lalace, wa zai gyara ta, kuma a ina?

Gatarin namu da na kanti ba ginin ɗaya ba ne

Kafin a kwatanta ƙota da ƙota, sai an san yadda ruwan gatari yake haɗuwa da ita, domin a nan mafi yawan matsala take tasowa.

Gatarin gargajiya da maƙeranmu suke ƙerawa, sau da yawa daga tsohon sifirin na mota, ruwansa yana da tsini a baya. Ƙotar tana da ƙaton kai, a huda kan, a gasa tsinin a wuta a cusa shi har ya zauna. Ke nan ƙarfe ne yake shiga cikin itace. Kowane sara yana ƙara tura tsinin ciki, wanda hakan ke sa ruwan ya ƙara kamawa, amma kuma shi ne yake tsaga kan ƙotar a hankali, domin tsinin kansa weji ne. Shi ya sa masassaƙin da ya san aikinsa ba ya yanko kowane reshe. Yana neman inda reshe ya haɗu da uwar itace, inda jijiyoyin itacen suka sarƙe da juna, ya mai da wurin kan ƙota. Wannan fasaha ce sosai, ko da ba a rubuta ta a littafi ba.

Gatarin kanti kuma ido gare shi, wato rami a jikin ƙarfen, itace ko faiba ne yake shiga cikinsa. Idan ta itace ce, a tsaga bakinta a danna weji don ta buɗe ta cika idon. Idan ta faiba ce, yawanci da gam mai ƙarfi irin Araldite ake cike wurin.

Akwai na uku da ake gani a wurin masu walda: a samu ruwan gatari a liƙa masa bututun ƙarfe. Ba ya karyewa da wuri, gaskiya ne, amma duk dukan da ka yi wa gungume sai ya dawo maka a gwiwar hannu da kafaɗa. Zafin walda kuma yana iya rage taurin ƙarfen. Wanda zai wuni yana faskare ya rabu da shi.

Me ke cikin ƙotar faiba?

Abin da hannu yake taɓawa roba ce, amma ƙarfin yana ciki. Sanda ce ta dubban siraran zaren gilashi da aka jera a tsaye aka haɗe su da gam, sannan aka lulluɓe ta da roba mai tauri, a wurin riƙo kuma a sa mai laushi. Ruwa ba ya shiga, ba ta kumbura, ba ta motsewa, gara da ƙwaro mai huda itace ba su da abin ci a jikinta. Wanda ya taɓa jingine gatari a bayan rumbu da damina ya dawo ya tarar gara ta gina a jikin ƙotar ya san wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Ta kuma fi itace jure kuskuren sara. Idan ka kai duka ruwan ya wuce, wuyan ƙota ya daki gungume, ta itace tana samun rauni nan take, in aka maimaita sau da yawa ta karye. Ta faiba mai kyau tana shanye irin wannan sau da dama kafin ta nuna alama. Ga yaro mai koyo, ko magidancin da sai ranar Juma'a yake ɗaukar gatari, wannan riba ce ta gaske.

Sai dai faiba suna ta tara. Kamfanin Fiskars na ƙasar Finlan, wanda ya samo asali tun 1649, yana yin gatarin faskare mai ƙota mai rami a ciki, marar nauyi, wadda aka zuba ta ta naɗe kan ƙarfen gaba ɗaya, kuma ya yi suna wajen ƙarko. Irinsa da wuya a gan shi a kasuwanninmu, in an gan shi ma kuɗinsa ya sayi gatarin maƙeri da yawa. A ɗaya gefen akwai marasa suna, waɗanda zaren gilashin cikinsu siriri ne, saura duk roba. Daga waje kamarsu ɗaya da masu kyau. Araha ba ta ado.

Hunturu da damina

Babban abokin gabar ƙotar itace a yankinmu ba gara ba ce, sauyin yanayi ne. Itace ko ya bushe yana ci gaba da shan danshin iska yana fitarwa. A watan Agusta, lokacin da laimar iska take kaiwa kashi 80 cikin ɗari, ruwan da ke jikin busasshen itace yakan kai wajen kashi 16. Da hunturu, idan laimar ta faɗo zuwa kashi 20 ko ƙasa da haka, sai ya koma kashi 4 zuwa 5. Itace ba ya raguwa a tsawo sai ɗan abin da ba a lura da shi, a kauri yake motsewa, kuma wannan bambanci yana iya kaiwa kashi 3 cikin ɗari. A ƙotar da faɗinta ya kai santimita 5 a cikin ido, wajen milimita ɗaya da rabi ke nan. Ƙaramin abu ne a ido, amma ya isa ya sa ruwan gatari mai kilo biyu ya fara girgiɗi, kuma ruwan da ya fita daga ƙota a tsakiyar sara ba ya zaɓen inda zai sauka. A tsakar gida ake yawan faskare, inda yara suke kai da kawowa.

Dabarar da kowa ya sani ita ce a tsoma kan gatarin a ruwa ya kwana. Da safe zai kama gam. Matsalar ita ce itacen da ya kumbura a cikin ƙarfen da ba ya buɗewa yana murƙushe jijiyoyinsa ne, idan ya sake bushewa sai ya fi da sakwarkwacewa. Haka za a yi ta jiƙawa har ƙotar ta mutu. Abin da ya fi shi ne a ƙara danna weji, ko a sa sabo, sannan a riƙa shafa wa ƙotar mai, musamman bakinta da ke cikin ido. Turawa man 'ya'yan filas suke sawa. A nan man gyaɗa ko man kaɗe ya wadatar. Baƙin man inji da wasu suke shafawa yana korar ƙwaro, amma ba abin da ya kamata ya wuni a tafin hannu ba ne.

Akwai wata dabara mai sauƙi: a sa sabuwar ƙota da hunturu ko bazara, da itacen da ya riga ya bushe sosai. Wadda aka sa a lokacin da itace ya fi motsewa, damina ƙara mata kamu za ta yi. Wadda aka sassaƙa daga ɗanyen reshe a watan Agusta, kafin Janairu ta fara rawa.

Faiba ba ruwanta da duk wannan. Nata ciwon rana ce. Robar da ta daɗe a zafin rana tana koɗewa, ta yi gautsi, ta fara tsattsagewa, gam ɗin cikin ido ma yana iya saki bayan dogon duka. Gatarin faiba a inuwa ake ajiye shi.

Abin da hannu yake ji

Mai sana'ar faskare yana kai sara ɗaruruwa a wuni, don haka abin da mai saye a shago ba zai lura da shi ba, shi jikinsa zai gaya masa da daddare. Itace yana shanye girgizar duka fiye da faiba marar rami. Yana kuma shan gumi, ya yi sulɓi daidai yadda hannun sama zai zame zuwa ƙasa yayin sara. Roba mai laushi tana riƙe fata, da gumin bazara sai ta tayar da bororo ko a hannun da ya yi kanta. Sannan ƙotar itace ana iya kankare ta da wuƙa ko samfefa ta dace da hannun mai ita, a rage tsawonta in ta yi yawa. Ta faiba yadda ta zo haka za ka zauna da ita.

Ba kowane itace ba ne yake yin ƙota. A Amurka hikori ake ji da shi, saboda yana haɗa ƙarfi da ɗan lanƙwasa. A nan marke da aduwa suna cikin waɗanda aka daɗe ana sassaƙa ƙota da su. Abin dubawa shi ne jijiyar itacen ta tafi a miƙe daga sama har ƙasa, babu ƙulli a wuya, babu tsaga. Gatarin kanti mai ƙotar itace da aka shafe da fenti mai kauri abin a yi hattara da shi ne, domin fenti yana ɓoye aibi.

Ranar da ta karye

A nan ne, a ganina, ƙotar itace ta yi wa faiba fintinkau a wuri irin Karaye da Rogo. Idan ta itace ta karye, ranar kasuwa za ka sami wata a wurin masassaƙi da kuɗi kaɗan, maƙeri ya sa maka kana tsaye. Ruwan gatari ɗaya yana iya cinye ƙota goma, uba ya bar wa ɗa. Kuma takan yi gargaɗi kafin ta karye: sautin dukan ya sauya, tsaga ta bayyana.

Ta faiba idan ta fashe, zaren gilashin yana fitowa, sartsensa kuma siriri ne, da wuyar gani, da wuyar cirewa. Sauya ta aiki ne: sai an yanke ta, an huda gam ɗin da injin huji, an fitar da saura da guduma. Mutane da yawa sai su jefa kan a wuta don gam ya narke. Zai narke, amma in bakin ya yi zafi sosai taurinsa ya tafi, sai dai maƙeri ya sake gasa shi ya tsoma. Hayaƙin ma ba na shaƙa ba ne. Irin ta Fiskars kuwa, wadda ta naɗe kan ƙarfen, ba a yi ta don a sauya ba sam. A Turai kamfani yana ba da garanti mai tsawo. Daga Rogo ba ka da inda za ka mayar.

To, wanne za a saya?

Mai faskaren sana'a, da duk gidan da ake ɗora babbar tukunya kullum, ƙotar itace ta fi musu. Wanda yake faskare jefi-jefi, gatarinsa yana shafe makonni a jingine, ko yara ne suke ɗauka, faiba mai kyau za ta hutar da shi daga gara da girgiɗin hunturu. Idan faibar za ka saya, ka zaɓi wadda ƙarfenta yake da ido na sosai, wanda ake ganin bakinsa ta sama, domin ranar da ta ƙare masassaƙi zai iya sa maka ta marke a wurin.

Kada kuma rigimar ƙota ta mantar da mai karatu siffar ruwan. Gatarin sare itace bakinsa siriri ne don ya yanke jijiya. Na faskare kumatunsa masu kauri ne don ya buɗe itace ya raba shi. Siririn baki a gungumen ɗorawa ko mangwaro nutsewa zai yi ya maƙale, sai ka koma murɗa ƙota gefe da gefe don ka cire shi, wannan murɗawar kuwa tana karya ƙota fiye da saran kansa, ta itace ce ko ta faiba. Don faskaren gida ruwa mai nauyin kilo ɗaya da rabi zuwa biyu da rabi ya isa, da ƙota mai tsawon santimita 80 zuwa 90, domin gajeriya idan ta kuskure gungume ƙafa take nufa. Itace mai tauri da sarƙaƙƙiyar jijiya irin ƙirya da tsamiya kuwa, a kafa masa wejin ƙarfe a bi da guduma. Bayan gatarin da ba a ƙera don duka ba, idan aka mai da shi guduma, idonsa buɗewa yake yi, daga nan babu ƙotar da za ta sake zama a cikinsa daidai.